Faifan Bahaguwa

Na Ramlat Zubair, Zakirai

Shafi na 14

Masu turo min saƙo tun safe, na gani, ku sassauta min. Kwana huɗu ba mu ga wuta ba, sai bakin kasuwa na kai wayar caji, ga aikin kaka ya sa kowa a gaba, bayana kamar ba nawa ba. Ke kuma da kika rubuto cewa Kawu Sabo mutumin kirki ne in daina matsa masa, 'yar'uwa gyara zama.

*

Bayan la'asar Inna Kaltume na nan a gindin darbejiyar tsakar gida tana tsinkar gyaɗa. Tun hantsi take wurin. Ba wanda ya sa ta, hannun ne ba ya iya zama haka nan.

Ga wanda yau ya fara shigowa: shekara talatin da ɗoriya Inna ta yi tana ɗinkin faifai, har ta kai ba amaryar da za a yi wa jere a ƙauyukan nan ba a nemi nata ba. Bahaguwa ce, shi ya sa zagayen faifanta yake tafiya saɓanin na kowa. Shekara uku ke nan da ƙaninta Sabo, mai kai mata kayanta birni, ya tafi da guda arba'in ya dawo hannu biyu. Ya ce masu saye sun ƙi. Wai ɗinkin ya saki, wai hannunta ya mutu. Ranar ta naɗe kabarta ta cusa a bayan rumbu. Ba wanda ya ga hawayenta, amma tun daga nan ba wanda ya sake jin dariyarta.

A ƙofar gida ana jin muryar Kawu Sabon, ya zo da mota suna loda buhunan wake da za a kai Dawanau.

Barira, matar ɗanta Basiru, ta fito daga ɗaki riƙe da waya, goyo na lilo a bayanta.

"Inna, Anti Sadiya ce. Kiran bidiyo."

"Ce mata muna lafiya."

"Ta ce sai ta gan ki."

Inna ta ja tsaki a hankali ta karkaɗe zaninta. Halimatu Sadiya autarta ce, ma'aikaciyar jinya. Shekara biyu ke nan da aka tura ta aiki wani asibiti a wani tsibiri can yankin Karibiyan, inda in nan ana la'asar can ko azahar ba a yi ba. Saura sati biyu ta dawo gida.

Barira ta durƙusa ta kara mata wayar. Sai da Inna ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin, don idon ya daɗe da yin rauni.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya. Kin rame."

"Aiki ne, Inna. Mu biyu ne a ɗakin marasa lafiya tun Litinin, ƙafata har ta kumbura."

"To ki je ki kwanta mana. Me kike yi a rana?"

"Kasuwa na fito, tsaraba zan haɗa. Na ce yau ke za ki zaɓi taki da kanki, kada na kawo ki ce na yi almubazzaranci."

"Ko kin kawo zan faɗa."

Sadiya ta yi 'yar dariya ta juya wayar.

Rumfuna ne a jere a bakin teku, an shafe su da fenti rawaya da shuɗi da kore, kowace cike da kaya har bakin hanya. Can baya wani ƙaton jirgin ruwa ya tsaya, ya fi unguwarsu girma, Turawa na ta sauka daga ciki rana ta gasa su sun yi jawur. Wani na kaɗa wani abu mai kama da gindin duro, ƙarar har cikin tsakar gidan.

"Waɗannan ba su da manya ne?" in ji Inna. "Dubi tsoho da wandon yara."

"'Yan yawon buɗe ido ne, Inna. Su ake wa kasuwar."

"Kuma duk wannan ba na ci ba ne?"

"Kayan hannu ne. Kin ga sarƙar wuri. Ga ƙoƙon kwakwa an yi masa zane. Ga huluna. Ga 'yan tsana."

"Me zan yi da 'yar tsana, da tsufana?"

Barira ta ƙunshe dariya. Sadiya ta ci gaba da tafiya, wayar na rawa a hannunta, masu kaya na kiranta ta kowane gefe. Ta wuce mai kayan yaji, ta wuce mai sassaƙa. Ta iso wata rumfa a lungu inda aka rataye kwanduna da tabarmi.

Nan ta tsaya cak.

Sai kuma ta juya wayar da sauri, hoton ya koma kan teku.

"Tsaya," in ji Inna.

"Na'am?"

"Koma baya."

"Ba komai a nan, Inna, tarkace ne. Bari na kai ki wajen masu mayafi."

"Na ce ki koma baya."

"Sabis ɗin nan ba shi da ƙarfi..."

"Ina jin ki rangaɗaɗau. Koma."

Wayar ta juyo a hankali, kamar mai riƙonta ba ta so.

Faifai ne guda uku. An kafe su da ƙusa a jikin katako, sama da kwandunan. Fari da ja da baƙi, zanen ya taso daga cibiya ya buɗe har baki.

Inna ta karɓe wayar daga hannun Barira, abin da ba ta taɓa yi ba. Idon da ba ya gane fuskar mutum in ya tsaya a zaure, shi ne ya kafe kan gilashin ba ƙiftawa.

"Ce a sauko min da na tsakiyan."

"Inna..."

"Halimatu."

Mai rumfar wata dattijuwa ce baƙa mai jiki, ta ɗaura ɗankwali mai gida-gida, tana fifita da kwali. Ta miƙe da ƙyar, ita ma da gani ƙafa ta dame ta, ta ciro faifan ta miƙa wa Sadiya tana ta zuba Turanci.

"Me take cewa?"

"Wai... wai aikin garin nan ne. Wai kakarta ce ke yi a can kan tudu."

"Kakarta."

"Haka ta ce."

"Tambaye ta da wane hannu kakar tata take aiki."

Sadiya ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa. Matar ta ɗaga hannun dama tana murmushi.

"To Allah ya jiƙan kakarta, amma ba ita ta yi wannan ba," in ji Inna. "Bi zagayen da yatsanki. Ina ya nufa?"

Inna ta karkata wayar wajen Barira.

"Barira, ke duba."

Barira ta leƙo. "Hagu ya yi, Inna."

"Juya bayansa. Ƙirga daga cibiya. A zagaye na bakwai jan ya canza, ya fi na ciki duhu. Galurata ce ta ƙare ranar da aka yi sunan ɗan Basiru na fari, na aika aka aro min wata. Duba."

Sadiya ba ta ƙirga ba. Mai rumfar ce ta ga ana ta juya mata kaya, ta leƙo ta tambayi abin da ake ciki. Da aka gaya mata, ta sa ɗan yatsa ta ƙirga da kanta. Ta tsaya a na bakwai. Ta kalli faifan, ta kalli tsohuwar da ke cikin waya, sai ta dafe ƙirji ta saki wata irin dariya ta kunya. Ta yi magana mai tsawo.

"Fassara min," in ji Inna. "Kada ki rage."



"Ta ce ki yafe mata. Ta ce haka kowa ke faɗa a kasuwar nan, in ba ka ce na gida ne ba Bature ba ya tsayawa. A dila yake zuwa musu daga Afirka, hannu zuwa hannu, ba ta san inda aka faro ba."

"Sai me?"

"Ta ce... goma sha biyu ta samu irinsu. Ba ta taɓa riƙe aiki mai ƙwari kamarsu ba. Waɗannan ukun ɓoye su ta yi, sai bana ta fito da su, don ta nemi ƙari an ce babu."

Inna ta ɗora wayar a cinyarta, ta buɗe hannunta na hagu tana kallonsa, gaba da baya. Ƙasar gyaɗa duk ta cika farcen.

Ni da nake rubutun nan sai da na ajiye waya na ɗan fita. Shekara uku mace tana jin kunyar hannunta, ko tuwo za ta miƙa sai ta ɓoye shi a zani.

"Salamu alaikum."

Kawu Sabo ne ya shigo yana goge gumi da hularsa, ƙaiƙayin wake duk a rigarsa. Gajere ne mai fara'a, irin mutanen da kafin su zauna sun tambayi lafiyar akuyarka.

"Yaya, sannu da aiki. Mun gama lodi, na ce bari na leƙo kafin mu kama hanya. A'a, 'yar Turai ce a waya? Likita, ya aiki?"

Inna ta ɗago ta kalle shi.

"Zauna, Sabo."

"Wallahi direba na jira..."

"Zauna."

Ya ja turmi ya zauna a gefensa. Inna ta miƙa masa wayar.

"Me ka gani?"

Ya kalla. Fara'ar ba ta ɓace gaba ɗaya ba, ta dai tsaya a inda take.

"Faifai ne."

"Na wa?"

"To, Yaya, faifai ai faifai ne. Duniya da faɗi, ko'ina ana yi."

"Ko'ina akwai bahaguwar da galurarta ta ƙare a zagaye na bakwai?"

Ya sa hularsa. Ya sake cirewa.

"Me ka ce min ranar da ka dawo?"

"Yaya, maganar ta daɗe."

"Ni ba ta daɗe min ba, kullum da ita nake tashi. Nan ka zauna, kan turmin nan. Ka ce sun ja bakin ɗaya ya warware a hannunsu. Ka ce sun yi dariya. Ka ce ko kyauta ba mai so, ka baro su a bayan shago ruwa ya doke su. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Ga wanda ruwa ya doka can a bangon duniya, ko zare ɗaya bai tashi ba."

Barira ta miƙe za ta shige ɗaki.

"Dawo ki zauna," in ji Inna. "Ke kika ga zaman da na yi, ki ji dalilinsa."

Muryarta ba ta ɗaga ba. Da ma ta ɗaga, da abin ya fi sauƙin ji.

"Amare huɗu na mayar wa iyayensu kabarsu a shekarar. Na ce su nemi wata. Matan da ke zuwa koyo na ce su daina zuwa, ba abin da zan koya musu sai ɓarna. Na sha rubutu har cikina ya ƙi karɓa. Don na ce hannu ba ya mutuwa dare ɗaya sai da sa hannun wani."

Ta numfasa.

"Ka san wa na zarga?"

Kawu Sabo ya sunkuyar da kai.

"Nana Fatima. Maƙociyata, katanga ɗaya. Tare muka koyi ɗinki, tare muka yi goyo. Don kawai ta taɓa riƙe hannuna tana wasa ta ce dama nata ne. Na daina gaishe ta. Ta aiko da kunu na mayar. Ta zo da kanta ta tsaya can bakin rijiya ta ce, Kaltume me na yi miki? Na juya mata baya. Bara da azumi ta rasu ban je na duba ta ba. Kuma galurar da ke jikin faifan nan tata ce."

Daga cikin wayar aka ji wani sauti kamar an shaƙe mutum. Sadiya ba ta san wannan ba. Ba wanda ya gaya mata, don a waya kullum lafiya lau ake ce mata.

"Yanzu gaya min, Sabo. Ni na goya ka. Me na yi maka?"

Ya daɗe yana murza hular. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Sayarwa na sayar, Yaya. Wannan laifina ne, na ɗauka. Na ajiye su wata biyar a ɗaki, wani mai fitar da kaya waje ya gani ya nace, zuciya ta rinjaye ni. Duk abin da kika yanke min a kai daidai ne."

"Ban tambaye ka sayarwa ba. Ƙaryar nake tambaya."

"Ƙaryar ba tawa ba ce."

"Ta wa ce?"

"Ni ɗan aike ne."

"Wa ya aike ka?"

Ya kalli wayar da ke hannunsa. Ya miƙa mata a hankali.

"Tambayi mai riƙe da faifan."

Goyon Barira ya motsa, ta jijjiga shi ba tare da ta san tana yi ba. A waje direba ya danna oda sau biyu.

Inna ta ɗago wayar zuwa fuskarta. Sadiya ta zauna a kan wani akwati a gefen rumfar, faifan a ƙirjinta, Turawa na wucewa ta bayanta suna shan ruwan kwakwa.

"Kin ji abin da kawunki ya ce."

"Na ji, Inna."

"Ƙarya yake miki?"

"A'a."

"To ina jin ki."

"Inna, kin tuna da na kai ki asibitin ido a birni? Da kika fita alwala likitan ya tsayar da ni. Ya ce idon yana tafiya. Ya ce a rage miki duk aikin da ke sa ki ƙura ido. Na dawo na roƙe ki. Sau nawa na roƙe ki? Na ɓoye basillarki kika sayi wata. Na sa Yaya Basiru ya yi miki magana kika kore shi. Kika ce sai dai a binne ki da kaba a hannu."

"Na faɗa."

"Kuma ga takardun tafiyata sun fara fitowa. Na ce in na tafi wa zai hana ki? Na san ba ki jin tsoron makanta, ba ki jin maganar kowa. Abu ɗaya ne zai tsayar da ke, a ce aikinki ba kyau."

"Sai kika zaɓi wannan."

"Cewa na yi ya ɓoye su, wallahi ban ce ya sayar ba. Na ɗauka za ki ji haushi wata ɗaya ki huta. Ban san za ki... ban san zancen Inna Nana ba. Da na sani..."

"Kalmar fa? Hannunki ya mutu. Ta wa ce?"

Sadiya ta rufe ido.

"Tawa ce."

Gaskiya jama'a, na ji haushin Sadiya, kuma na ji tausayinta. Ba mugunta ta yi ba. Irin son nan ne na 'ya'yan da suka yi karatu, su yanke wa tsoho hukunci a bayansa su ce don lafiyarsa ne.

Inna ta gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya mata farashin gero. Gajiya ce kawai a fuskarta, irin wadda barci ba ya ɗaukewa.

"Ke ce kika yi karatun asibiti. Bari na tambaye ki abu ɗaya."

"Na'am, Inna."

"Shekara uku ban taɓa basilla ba. Idon ya dawo?"

Sadiya ta girgiza kai.

"Bai dawo ba. Bara ina gane Barira daga ƙofar ɗaki, bana sai ta yi magana. Tafiyarsa yake yi, da ɗinki ko ba ɗinki. Shekara ukun nan su ne ragowar hasken da Allah ya bar min, na ƙarar da su a tsinkar gyaɗa."

"Inna, don Allah ki yafe min. In na dawo zan kai ki wajen wani likitan, akwai magani, akwai..."

"Sabo, tashi. Direbanka na jira."

"Yaya..."

"Tashi ka tafi. Taka mai sauƙi ce, kai kwaɗayi ne ya ja ka."

Ya tashi ya fita ko sallama bai iya yi ba.

Can cikin waya mai rumfar ta dafa kafaɗar Sadiya ta ce wani abu a hankali, ta nuna wasu Turawa biyu da suka tsaya suna kallon faifan.

"Me ta ce?" in ji Inna.

Sadiya ta share fuska da gefen mayafinta.

"Wai waɗancan suna so. Wai in zan saya ta bar min, in ba haka ba ta ba su."

"Saya. Duka ukun."

"To, Inna. To. Zan saya, zan lulluɓe su da kyau, ni da kaina zan..."

"Ki nemi mai zuwa Kano ki ba shi ya kawo min."

"Inna, ai ni ce mai zuwa. Saura sati biyu."

"Na ji. Ki ba wani."

"Inna, me kike nufi? Inna, ki saurare ni..."

Inna ta miƙa wayar gefe ba tare da ta sake kallon gilashin ba.

"Barira, kashe."